Daga ina ƙananan hukumomi ke samun kuɗin gyaran tituna, bututun ruwa da fitilun titi?

Malam Habu ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman waɗanda suka san harkar kuɗin hukuma su warware mini wani abu. Yadda ake gina sabon titi ko a shimfiɗa sabon bututun ruwa ba ɓoyayye ba ne: a ware kuɗi a kasafi, a ba ɗan kwangila, a gama a buɗe. Abin da ke biyo baya nake son sani. Bayan shekara biyar ko goma kwalta ta fara tsagewa, bututu ya fara yoyo, fitilun titi suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya, magudanar ruwa ta cushe. Kuɗin kula da waɗannan daga wane asusu yake fitowa? Haraji ne, ko bil ɗin da jama'a ke biya, ko abin da gwamnatin sama ke turowa? Kuma me ya sa ƙasashe masu arziki da marasa shi duk kukansu ɗaya, wai babu kuɗin gyara, alhali ba a daina gina sababbi ba? Yadda lissafin yake tafiya nake so a bayyana mini, ba maganar siyasa ba.

Hajiya Rabi ta rubuta:

Wa alaikumus salam, Malam Habu. Ba asusu ɗaya ba ne, kuma rabin rikicin daga nan yake tasowa.

Ka fara raba abin da ake iya sa wa mita da wanda ba a iya sa masa. Ruwan famfo da wutar lantarki ana auna abin da kowane gida ya sha, a kai masa bil, in ya ƙi biya a yanke. Don haka inda tsari yake da kyau ana buɗe musu asusu nasu na kansu, kuɗin bil ya shiga can, albashin ma'aikata da gyara da biyan bashi su fita daga can. Titin unguwa, fitila da magudanar ruwan sama kuwa ba wanda za ka tsare ka ce sai ya biya kafin ya amfana. Su daga babban asusun hukuma ake ɗaukar nauyinsu, inda suke gogayya da albashi, makarantu, asibitoci da kwashe shara. In kuɗi ya yi ƙaranci gyara ake fara yankewa, domin in ba a biya albashi ba a watan nan za a ji, in kuwa ba a toshe tsagar kwalta ba sai bayan shekara uku ko huɗu abin zai fito fili.

Babban asusun nan galibi abubuwa uku ke cika shi. Na ɗaya harajin filaye da gine-gine, wanda shi ne ƙashin bayan kuɗin shigar birane a ƙasashe da yawa. Ya dace da wannan aikin, don gini ba ya guduwa, kuma titi mai kyau yana ɗaga darajarsa. Matsalarsa ƙiyasi: sai an riƙa sake ƙimanta gine-gine da sabunta rajista, abin da masu mulki ke tsoron taɓawa. A Ingila harajin da majalisun gundumomi ke karɓa tun 1993 har yanzu a kan darajar gidaje ta shekarar 1991 yake tsaye. A jihar Kaliforniya ta Amurka, ƙuri'ar raba gardama ta 1978 ta ƙayyade harajin a kashi 1 cikin 100 na ƙimar gida, ta kuma hana ƙimar tashi fiye da kashi 2 cikin 100 a shekara sai in an sayar da gidan. Tun daga nan biranen jihar suka koma neman kuɗi ta hanyar caje-caje iri-iri. Na biyu kason da gwamnatin tarayya ko ta jiha ke turowa, sau da yawa daga harajin man fetur da rajistar motoci. Na uku ƙananan kuɗaɗe: lasisin kasuwanci, kuɗin ajiye mota, izinin gini, tara, da abin da kamfanonin waya da gas ke biya don sun bi ta ƙarƙashin titi.

Amsar tambayarka ta ƙarshe tana cikin yadda ake rubuta kasafi. Kashi biyu ne: na manyan ayyuka da na yau da kullum. Bashi da tallafin gwamnatin sama da na bankunan raya ƙasa kusan duk ɓangaren manyan ayyuka suke shiga, kuma a ƙasashe da dama doka ta hana ƙaramar hukuma cin bashi don hidimar yau da kullum. Toshe rami da share kwalbati kuwa hidimar yau da kullum ce. Sai ka tarar ya fi wa hukuma sauƙi ta samo kuɗin sake gina titi daga tushe a kan ta samo ɗan abin da zai hana shi lalacewa. Kowane sabon titi kuma nauyi ne da aka ɗora wa kasafin yau da kullum na shekara talatin masu zuwa, ba tare da an ƙara masa kuɗin shiga ba.

In aiki na unguwa ɗaya ne, akwai hanyar raba kuɗinsa ga masu filayen da za su amfana, gwargwadon faɗin gaban fili ko girmansa, a biya a hankali cikin shekaru. Kolombiya tana da wannan a dokarta tun 1921, kuma Bogota da Medellin sun yi manyan tituna da shi. A birnin New York ma gyaran dakalin masu tafiya a ƙasa yana wuyan mai ginin da ke gabansa. Amma wannan hanya gini ko sabuntawa take biya, ba ta riƙe kulawar kowace shekara.

Ma'auni ɗaya da zai taimaka maka in kana duba kasafin kowace hukuma: baitulmalin Afirka ta Kudu ya sa wa ƙananan hukumomin ƙasar mizanin kashe kashi 8 cikin 100 na darajar kadarorinsu a kan gyara da kulawa duk shekara. Ka raba kuɗin gyara da darajar kadarori. In ka samu kashi 1 ko 2, to ana cin kadarar ne a hankali.

Injiniya Garba ya rubuta:

Hajiya ta faɗi inda kuɗin ke fitowa. Bari in ƙara da yadda yake ɓacewa a kan titi, don lokacin da aka kashe shi ya fi yawansa muhimmanci.

Kwalta ba ta lalacewa daidai-wa-daida kowace shekara. Takan ɗauki wajen kashi uku cikin huɗu na rayuwarta tana sauka a hankali, sannan ta rushe cikin 'yan shekaru. Dalili ruwa ne. Rana da iska suna busar da man da ke riƙe tsakuwa, sai fuskar ta yi tauri ta tsage. Ruwan sama ya bi tsagar ya shiga shimfiɗar tsakuwa da jar ƙasa da ke ƙasa, ta yi laushi. Babbar mota ta taka, kwalta ta lotsa ta farfashe kamar fatar kada, daga nan sai rami. In an kai wannan matakin, zuba sabuwar kwalta a sama ɓarnar kuɗi ce, don cutar tana ƙasa.

Saboda haka matakan gyara suke hawa-hawa. Toshe tsaga da narkakken man kwalta duk shekara uku zuwa biyar, bayan an hure ƙura an tabbatar wurin ya bushe. Feshin man kwalta a watsa ƙananan tsakuwa a bi da rola, wanda kan riƙe shekara biyar zuwa bakwai. Kankare saman a shimfiɗa sabon milimita 40 zuwa 50, wajen shekara goma sha biyar zuwa ashirin bayan gini. Na ƙarshe shi ne tone komai a sake daga tushe, wanda yake ninka kuɗin matakan farko sau da yawa. Bankin Duniya ya yi lissafi a 1988 cewa ƙasashe 85 masu tasowa sun yi asarar tituna na dala biliyan 45 cikin shekara ashirin, alhali kulawar da ba ta kai dala biliyan 12 ba za ta hana hakan.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a bi titin da ya fi lalacewa a fara da shi, don shi jama'a ke kuka a kansa. Kuɗin sake gina kilomita ɗaya zai iya rufe fuskar kilomita da yawa da suke gab da faɗawa, waɗanda in an bar su baɗi su ma sun shiga jerin sake gini. Hanyar da ta dace: a auna kowane yanki na titi duk shekara biyu ko uku a ba shi maki daga 0 (wanda ya mutu) zuwa 100 (sabo), a fara kashe mafi yawan kuɗin a kan masu maki 60 zuwa 80, a ware wani kaso na ceto waɗanda suka riga suka mutu. Yana da wuyar bayani ga wanda ƙofar gidansa ke da rami, amma shi ne ke tsayar da ɓarna.

Abubuwa biyu ke cinye titi kafin lokacinsa, kuma duka biyun akwai wanda ya kamata ya biya. Na farko nauyi. Gwajin da aka yi a jihar Illinois ta Amurka tsakanin 1958 da 1960 ya nuna in nauyin da ke kan aksil ɗaya (ƙarfen da ke haɗa tayoyin mota na dama da na hagu) ya ninka biyu, ɓarnar da yake yi wa titi tana ninka kusan goma sha shida. Ke nan tirela ɗaya mai lodi fiye da ƙima ta fi dubban ƙananan motoci lahani. In ba sikeli da tara, mai harajin gida ne ke biyan abin da mai tirela ya ɓata.

Na biyu tonon masu bututu da wayoyi. Ramin da aka tona aka mayar da ƙasa sakaka zai zauna bayan ruwan sama na farko, gefensa ya buɗe. Izinin tono ya kamata ya ƙunshi kuɗin ajiya, sharaɗin mayar da ƙasa hawa-hawa santimita 15 zuwa 20 ana dannewa da inji, a yanke kwalta a ƙara faɗi a kowane gefe don facin ya zauna a kan ƙasar da ba a taɓa ba, sannan garanti. A Ingila garantin shekara biyu ne, uku in ramin mai zurfi ne, kuma tun 2012 Landan take cajin kamfanoni kuɗin haya na kowace rana in suka tare manyan tituna a lokacin cunkoso. Birane da yawa kuma suna hana tona titin da aka sabunta har shekara uku zuwa biyar sai in gaggawa ce, abin da ke tilasta wa masu ruwa su canza bututunsu kafin a zuba kwalta.

Game da harajin mai da Hajiya ta ambata: in an yanke shi a kan lita ba a kan farashi ba, hauhawar farashi na cinye shi. Na tarayyar Amurka yana kan santi 18.4 a galan tun 1993, kuma tun 2008 ake ɗebo kuɗi daga babban asusu ana cike giɓin asusun tituna. Motocin lantarki kuma ba sa biyansa ko kaɗan.

Malam Habu ya rubuta:

Na gode Hajiya, na gode Injiniya, Allah ya ƙara ilimi. To amma ruwa fa? Tunda shi yana da mita da bil, ya kamata a ce ya riƙe kansa. Me ya sa shi ma bututunsa ke ruɓewa?

Malama Asabe ta rubuta:

Malam Habu, don bil ɗin sau da yawa rabin lissafi yake ɗauka. Farashin da zai riƙe hukumar ruwa sai ya ƙunshi abubuwa huɗu: hidimar yau da kullum (wutar injinan turo ruwa, alam, kulorin, albashi), gyara, biyan bashi, da ajiyar sabunta kayan da ke tsufa. Na huɗun ake jefarwa don farashi ya yi daɗin ji.

Lissafinsa ba wuya. A rubuta kowace kadara da kuɗin maye gurbinta a yau, a raba da shekarun da take yi. Bututun ƙarfe mai kyau kan kai shekara 75 zuwa 100, injin turo ruwa 15 zuwa 25, mita 10 zuwa 15. Jimlar ita ce abin da ya kamata a ajiye duk shekara. Da kuɗin yau za a yi lissafin, ba da wanda aka saya shekara arba'in baya ba, in ba haka ba ajiyar ba za ta sayi ko kwata ba. Ga kuma gwaji mai sauƙi: hukumar da ke canza kashi 1 cikin 100 na bututunta a shekara za ta zagaye cikin shekara 100. Mai canza rabin haka tana ɗauka bututu zai yi shekara 200, kuma da wuya bututu ya yi haka.

Tsarin bil ma yana da tarko. Mafi yawan kuɗin da hukumar ruwa ke kashewa ba ya canzawa ko an sha ruwa da yawa ko kaɗan, don bututu da tanki da bashi suna nan. In duk kuɗin shiga a kan yawan lita yake, shekarar da jama'a suka yi tsimi sai asusu ya faɗi. Shi ya sa ake raba bil gida biyu: tsayayyen kuɗi na wata gwargwadon girman mita, da kuɗin abin da aka sha. Don kare talaka, a sa mataki na farko da arha, ko a tallafa wa gidan kai tsaye. Amma a kula da gidajen da iyalai da yawa ke shan mita ɗaya, don tsarin hawa-hawa yana jefa su matakin tsada alhali su ne marasa ƙarfi.

Sai ruwan da aka tace aka tura amma bai kawo ko kwabo ba: yoyo, jona ta sata, mita mai ƙaryar karatu, gidajen da ba sa cikin rajista. Inda wannan ya kai kashi 40 ko 50 cikin 100, ƙarin farashi ba zai yi magani ba. Ana raba gari yanki-yanki, gidaje 500 zuwa 3,000, a sa babbar mita a mashigar kowane yanki, a karanta ta tsakanin ƙarfe biyu da huɗu na dare lokacin da kusan kowa ya rufe famfo. Abin da ke gudana a lokacin yawancinsa yoyo ne. Rage ƙarfin turo ruwa da daddare shi kaɗai yana rage yoyo da fashewar bututu. Birnin Phnom Penh na Kambodiya ya sauko daga asarar kashi 72 cikin 100 a 1993 zuwa ƙasa da kashi 10, ta hanyar sa mita a kowane gida, sabunta rajista, canza tsofaffin bututu da tilasta wa manya su ma su biya.

Manyan sabuntawa da bashi ake yi, ta takardun lamuni da bil ɗin ruwa ke biya cikin shekara 20 zuwa 30. Hakan adalci ne, don waɗanda za su sha ruwan nan gaba su ma su sa hannu. Masu ba da bashin sukan sa sharaɗi cewa abin da ya rage bayan hidima ya kai ninki 1.2 ko 1.25 na bashin da za a biya a shekara, wanda ke tilasta gyara farashi a kan lokaci. Abu mafi haɗari shi ne hukuma ta riƙa ɗebe rarar asusun ruwa tana biyan wasu hidimomi, ko ta yi tsimi a wurin da bai kamata ba. A Flint ta Amurka, a 2014 an sauya tushen ruwa don rage kashe kuɗi ba tare da sa maganin hana tsatsar bututu ba, dalma ta shiga ruwan sha, abin da aka kashe daga baya ya ninka abin da aka so tsimin sau barkatai, ban da lafiyar yara da ta taɓu.

Alhaji Ɗanladi ya rubuta:

Hajiya Rabi, ina da ɗan gyara a kan cewa fitila da magudana sai dai babban asusu. An samu hanyar fitar da su. Brazil ta gyara tsarin mulkinta a 2002 don ba ƙananan hukumomi damar karɓar kuɗin fitilun titi, kuma ana iya haɗa shi a bil ɗin wuta. Magudanar ruwan sama kuwa, birane a Jamus da Amurka, irin su Philadelphia, suna caji gwargwadon faɗin rufi da daɓen siminti da ke fili, don su ke tura ruwa titi. Mai babban wurin ajiye motoci ya biya da yawa, wanda ya yi ramin tsotse ruwa a rage masa.

A fitila, wuta ce babban kuɗi. Fitilar titi tana ci wajen awa 4,200 a shekara. Tsohuwar mai hasken rawaya ta wat 250 da na'urarta tana jan kusan 280, LED mai haske daidai da ita wajen 110. A fitila 1,000 bambancin ya haura yunit 700,000 a shekara, kuma da wannan rarar ake biyan bashin canjin. Los Angeles ta fara a 2009 da fitilu 140,000, ta rage wuta fiye da kashi 60 cikin 100. Sai dai inda ba mita, kamfanin wuta da ƙidaya yake caji, don haka in ba a sabunta rajistar fitilu ba za a ci gaba da biyan tsohon kuɗi, har da na waɗanda suka mutu. A LED kuma na'urar daidaita wuta ke fara ƙonewa, ba ƙwan ba, musamman in ba a sa mai kare tsawa ba. Masu sola ba su da bil, amma batirin dalma shekara biyu zuwa huɗu yake yi, na litiyam ya fi haka. In ba a ware kuɗin batir tun ranar sayen ba, layin gaba ɗaya zai mutu kusan lokaci guda.

Hajiya Rabi ta rubuta:

Gaskiya ne Alhaji, na karɓi gyara. Abin da zan ƙara shi ne keɓe kuɗi ba ya aiki shi kaɗai. Sau da yawa da an kafa sabon caji na titi ko fitila sai a janye abin da babban asusu yake bayarwa a da, jimla ta tsaya inda take. Dokar da ta kafa cajin sai ta ƙunshi abubuwa huɗu: kason babban asusu ba zai gaza matsakaicin shekaru uku da suka wuce ba; kuɗin ya shiga asusun banki daban, abin da ya rage a ƙarshen shekara ya tsallaka zuwa ta gaba; a rubuta ayyukan da za a iya kashe shi a kai, tare da iyaka ga albashi da sababbin gine-gine; kuma cajin ya riƙa tashi da kansa daidai da farashin kayan aiki. Sannan kowace shekara a buga rahoton da ke nuna kilomita nawa aka rufe wa tsaga, bututu nawa aka canza, fitila nawa ke ci, da matsakaicin makin tituna na bana da na bara, mai binciken kuɗi na waje ya sa hannu.